AKWATIN ZAƁE A FILIN LAKOL: Abin da na gani cikin kwamitin makaranta

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan ƙungiya ya gabatar a zaman tunawa da kafuwar ƙungiyarmu, a nan Agadas. Mun rubuta shi yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyara kaɗan.



   

Ranar da shugaban ƙungiya ya same ni a shago ya ce in zo in yi magana, sai na ce masa: "Kai, ga malamai cike da gari, mi za ka yi da tela?" Ya ce ba wa'azi suke so ba, labarin shekarun da na yi cikin kwamitin lakol suke so, da yadda na yi ta tsayawa zaɓe. Na ce to, wannan kam zan iya. Sau huɗu na tsaya. Sau biyu na ci, sau biyu na sha ƙasa, kuma duk huɗun zan faɗa muku, ba zan ɓoye na faɗuwa ba.

Abu guda nake roƙo: ba zan kama sunan lakol ɗin ba, ba zan kama sunan kowa ba. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuwa 'ya'yansu na zaune cikin ɗakin nan.

Daga ina kwamitin ya fito?

Lokacin da muke yara, lakol abin gwamnati ne. Uba zai kai ɗansa bakin ƙofa ya juya, abin da ke gudana ciki ba ruwansa. Kakanninmu ma ɓoye yara suke yi in an zo ɗaukar 'yan lakol, don a ganinsu abin Nasara ne. In rufin aji ya yaye, a jira Yamai. In alli ya ƙare, a jira Yamai. Ku kuwa kun san nisan da ke tsakaninmu da Yamai, kusan kilomita 1,000 ne.

Abin ya fara sauyawa da dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda 'yan boko ke kira LOSEN. Ita ce ta ce ɗawainiyar karatu ta gwamnati ce da ƙananan hukumomi da uwayen yara, kowa da nasa kaso. A 2003 aka shiga tsarin shekara 10 na bunƙasa ilimi, cikinsa aka shigo da kwamitin kula da lakol, wanda kowa ya sani da COGES. Na farkon da aka kafa da yawansu suna ne kawai. Mai gari ko direkta zai nuna mutum da yatsa a ce shi ne shugaba, a tafa, a watse, shi ke nan sai baɗi.

A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara wani aiki tare da ma'aikatar ilimi a jihar Tawa, mai suna Makaranta Don Kowa. Abu uku suka kafa shi a kai. Na ɗaya, a zaɓi 'yan kwamiti da ƙuri'ar asiri, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa. Na biyu, jama'a su zauna su tsara aikin shekara da bakinsu, su tara abin da za su iya. Na uku, kwamitocin kowace ƙaramar hukuma su haɗu cikin tarayya guda, suna duba juna. Da aka ga abin ya kama a Tawa sai aka kai shi Damagaram, wajen 2007 ya game ƙasa. A 2012 aka sake masa suna ya koma CGDES, amma har gobe COGES ɗin ne a bakin mutane. Senegal da Mali da Burkina Faso sun ɗauki irin tsarin bayanmu. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da nasu da suke kira SBMC. A Amurka kuwa, kujerar hukumar makarantun gunduma zaɓenta ake yi, da kamfe da hotuna a bakin hanya, kuma 'yan siyasa da dama daga nan suka fara.

Cikin kwamitin akwai wakilan uwayen yara, akwai wakiliyar ƙungiyar uwaye mata da ake kira AME, akwai direktan lakol wanda ke riƙe da rubutu. Amma mai iko na gaskiya shi ne babban taro, inda duk unguwa ke zama a filin lakol. Ku riƙe wannan maganar, don a kanta na yi tuntuɓe daga baya.

Zaɓen farko: na tsaya da 'yan fada

A 2007, shekarar da tawaye ya sake tashi a arewa, babban ɗana ya shiga CI. Gari ya cika da baƙi daga karkara, ajin da aka gina don yara kaɗan ya cika maƙil, wasu a ƙasa suke zama. Sai aka yi shela za a zaɓi kwamiti. Ni na yi lakol har CM2, na iya lissafi, na yi allo na sauke. Na duba unguwa na ce wa ya fi ni? Na tsaya neman ma'aji.

Kamfe ɗina duk a fada na yi shi. Kullum bayan isha'i ni ke sayen shayi da sukari, a yi na farko, a yi na biyu, a yi na uku, abokai na cewa: "Ai kai ka riga ka ci, maigida." Ban tsaya na lissafa ba cewa yawancinsu ba su da mata, balle ɗa a lakol.

Wadda ta tsaya da ni wata Hajiya ce mai sayar da waina a bakin kasuwa. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Har dariya na yi da na ji. Ranar zaɓe aka ba kowane ɗan takara launin takarda, don wanda bai iya karatu ba ya gane. Mutum ya shiga cikin aji shi kaɗai, ya sa launin da yake so a ambulan, ya fito ya jefa a akwati a gaban kowa. Da na ga layin mata ya kai har bakin ƙofar lakol, na maza kuwa ko inuwar bango bai cika ba, sai jikina ya yi sanyi. Aka ƙirga a bainar jama'a. Hajiya ta kayar da ni warwas. 'Yan fadan nan nawa, biyu kaɗai suka zo, ɗayan ma bayan an rufe akwati.

Daga baya na ji abin da ta yi. Gida gida ta bi. Ba ta yi wa kowa alkawari ba, tambaya take yi: ɗiyarki na zuwa lakol? In ba ta zuwa, don mi? Ga shi kuma shekara da shekaru ita ke riƙe da adashin matan unguwa, ko dala ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Ni na zo da takardar CM2, ita ta zo da shaidar mutane.

Na yi fushi, na daina zuwa taro. Sai malamina na allo, Allah Ya ji ƙansa, ya aiko aka kira ni. Ya tuna mini da abu biyu da ku ma kun karanta. Sahabi Abu Zarri ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah ya hana shi, ya nuna masa cewa amana ce mai nauyi wadda kan zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Annabi Yusuf kuwa da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, don ya san zai iya tsarewa kuma yunwa na tafe. Malam ya ce: "To kai wanne ne ya kai ka? Yaran da ke zaune a ƙasa, ko a ce da kai ma'aji?" Na yi shiru. Ya ce: "In yaran ne, ai har yanzu suna nan a ƙasa. Tashi ka tafi."

Ruwan 2009

Waɗanda suka girma cikinku sun tuna farkon watan Satumba na 2009, cikin azumi, daren da Telwa ta ɓalle ta shigo gari. Gidajen ƙasa suka narke, mutane suka fito da abin da ke jikinsu. Iyalai da yawa a azuzuwan lakol suka fake, namu ma ya cika. Komawa karatu ta matso, ga mutane ba su da inda za su, ga bencina sun kakkarye, ga littattafai sun jiƙe.

A nan na ga amfanin kwamiti da idona. Ba a kira 'yan sanda ba. Hajiya da shugaban kwamiti da direkta suka bi aji aji suna magana da mutane, aka nemo masu fili da masu zaure a unguwa suka karɓi wasu, aka kafa rumfunan zana don a fara karatu kafin sauran su tashi. Ni ba ni da kujera, amma na ɗauko keken ɗinkina na kafa a ƙofar lakol, duk yaron da kayansa suka tafi da ruwa a kawo yadi in ɗinka kyauta. Wani kafinta ya gyara bencina, kuɗin ƙusa kaɗai ya karɓa.

Da wa'adi ya cika, Hajiya ta ce ƙafa ta gaza, ba za ta sake tsayawa ba. Ita da kanta ta zo shagona ta ce: "Ɗana, ka tsaya. Amma wannan karon ka bar shayi, ka shiga gidaje." Na shiga. Na sha tambayoyi, na sha faɗa a kan laifin da ba ni na yi ba. Aka yi zaɓe na ci.

Akwatin kuɗi

Kada ku zaci miliyoyi ne. Wani dala ashirin zai kawo, wani dala ɗari, wanda Allah Ya buɗa wa ya ba da jikka. Wata tsohuwa kan kawo nata a ƙulle a bakin zane. Mai amalanke ya ce ba shi da kuɗi amma zai kawo yashi. Da irin wannan ake sayen alli da kaye, a biya mai gadi, a cika randa da ruwa lokacin zafi, a kafa rumfa, a sa fitila don karatun dare na 'yan CM2.

Hajiya ta bar mini ƙa'ida uku, na ƙara ta huɗu. Kuɗin lakol ba ya kwana aljihu ɗaya da kuɗin shago. Ba a fitar da ko dala sai da sa hannun mutum biyu. Duk abin da aka saya a karɓo rasit, ko na tsintsiya ne. Tawa kuwa ita ce, ranar babban taro in tashi in karanta lissafi da Hausa, wani ya maimaita da Tamajak, sannan a rubuta shi a allo a bar shi a waje. Lissafin da aka karanta da Faransanci a gaban uwayen da ba su ji, daidai yake da wanda ba a karanta ba.

Jarabawata ta farko daga cikin gida ta fito. Wani kawuna, wanda ya yi mini ɗawainiya ina yaro, matarsa ta haihu, ragon suna ya gagara. Ya zo da dare ya ce in ara masa daga akwati, ƙarshen wata zai mayar, ba wanda zai sani. Wallahi na san zai mayar. Amma na tuna da ƙullin bakin zanen tsohuwar nan. Na ce: "Kawu, ka yi mini aikin gafara, ba nawa ba ne." Na ba shi abin da ke aljihuna, bai kai ba. Ya fita bai yi mini sallama ba, kusan shekara ba ya amsa gaisuwata. Ku sani tun yanzu, wanda zai fara gwada amanarku ba ɓarawo ba ne, wanda kuke jin kunyarsa ne.

Wani abin da na gane kuma shi ne kuɗi kaɗai ba ya sa yaro ya iya karatu. An taɓa yin bincike a jihohin Tawa da Damagaram wajen 2007 zuwa 2008, a makarantu 1,000, aka ba kwamitocin rabinsu kuɗi kai tsaye. Uwaye suka ƙara himma, aka yi gine-gine, yara ƙanana suka ƙaru a azuzuwa, amma sakamakon jarabawa bai motsa ba. Mu ma haka muka gani. Mun iya gina bango, amma ba mu iya tambayar ko ɗan CE2 na iya karanta layi guda. Uban da bai yi lakol ba yana jin nauyin tambayar mushe. Nan ne wurinku, ku da kuka yi karatu, zan dawo kansa.

Zaɓe na uku: buhun sukari

Wajen 2013 shugabanmu ya tsufa, mutane suka ce in nemi kujerarsa. A lokacin 'yan siyasa sun gane cewa wanda ke iya tara unguwa a filin lakol zai iya tara ta ranar babban zaɓe. Wanda ya tsaya da ni wata jam'iyya ce a bayansa. Ana haka sai wani babban mutum na wata jam'iyyar daban ya aiko mini da buhun sukari da kwalin shayi da ambulan, wai gudummawa.

Gaskiya zan faɗa muku: na karɓa. Na ce ai don yara ne. Kayan suka kwana biyu a zaurena. Uwar 'ya'yana ce ta tsaya a kansu ta ce: "Malam, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ranar da ya ce ka tara masa mata a filin lakol, da wane baki za ka ce a'a?" Na rasa amsa. Na kira ɗan kabu-kabu muka mayar. Mutumin bai ji daɗi ba, ni ma ban ji daɗin mayarwar ba, don ina bukata.

A taron gabatar da 'yan takara na faɗi abu uku kaɗai: makewayi na 'yan mata daban da na maza, karatun yamma ga yaran da ke baya, da lissafi a allo kamar yadda aka saba. Na ci, amma da ƙyar. Abokin takarata kuwa na roƙe shi ya riƙe mana sha'anin gini, don magini ne, ya fi ni sanin aikin. Ya yarda. Har yau muna zumunci.

Zinariya da aure

Ban daɗe da hawa ba, a 2014, zinariya ta fashe a Jado, sannan Cibarakaten. Kun san yadda garin nan ya koma. Yaron da ya tafi da silifas ya dawo da mota, duk unguwa na kallo. 'Yan kwaleji suka fara zubar da kaye, har 'yan CM2 masu ɗan jiki. Wasu malaman kwantiragi ma suka bi, kuma ban iya zaginsu ba, don na san albashinsu da yadda yake jinkiri.

Muka ɗauki rajista muka bi gidajen waɗanda suka ɓace. Wani uba ya ce mini: "Ɗan maƙwabcina ya yi bak yana zaune a fada, nawa ya tafi daji wata uku ya rufa mini ɗaki. Kai wanne za ka zaɓa?" Ban da amsa mai sauƙi, kuma ban yi masa ƙarya ba. Na ce masa rami na ƙarewa, kuma ko a bakin ramin, mai iya lissafi da karanta takarda shi ke cin guminsa, wanda bai iya ba a cuce shi a ma'auni. Wasu sun dawo aji. Wasu ba su dawo ba. Akwai guda da na ɗinka wa riga a shekarar ruwa, rami ya rufta da shi, ko gawarsa uwarsa ba ta gani ba. Allah Ya ji ƙansa.

Wajen 'yan mata kuwa, aikin uwaye mata ne, mu rakiya muke yi. Su ke sanin wadda aka kawo kayanta tun kafin direkta ya ga kujerarta babu kowa. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke cikin karatu, ta ƙara mana ƙarfin gwiwa. Amma ban taɓa shiga gidan mutum ina kaɗa masa takardar doka ba. Da liman muke zuwa, da wata dattijuwa, a zauna a yi magana ta mutunci. Sau da yawa abin da ke damun uba tsoro ne: hanya da nisa, babu makewayi, yarinya ta girma. In ka magance masa tsoron, rabin maganar ta ƙare.

Inda na yi tuntuɓe

Yanzu ga wadda ta fi yi mini nauyin faɗa. Wa'adinmu ya cika, ba mu kira zaɓe ba. Muka ce aiki na tafiya, mi ne na gaggawa? Shekara ta wuce, wata ta bi. Na fara jin lakol ɗin kamar tawa ce.

Babban taro ya amince a ƙara makewayin 'yan mata, don wanda muka gina ya yi kaɗan, aka tara kuɗin. Sai labari ya zo cewa manyan baƙi za su kawo ziyara. Ni da mutum biyu muka yanke shawara a tsaye, muka kwashe kuɗin muka yi fenti da sabuwar ƙofa, wai kada a ji kunya, wataƙila ma baƙin su ba da taimako. Suka zo, suka yi minti kaɗan, suka ɗauki hoto, suka tafi. Ba abin da ya biyo baya.

Ranar taro na karanta lissafi, ko dala ba ta ɓata ba, ga rasit ga komai. Sai wata mata ta ɗaga hannu daga baya, mai wanki ce a gidajen mutane. Ta ce: "Shugaba, ba mu ce ka ci ba. Amma dala ɗarin da na bayar, na makewayin ɗiyata ne. Wa ka tambaya kafin ka shafa ta a bango?" Filin ya yi tsit. Na buɗe baki in kawo hujja, sai na ga babu. Na ce: "Ban tambayi kowa ba. Na yi kuskure, ku yafe mini."

A wurin aka ce a sa ranar zaɓe. Na tsaya, don ina ganin ayyukana za su yi mini magana. Wani matashi da bai kai ni shekaru ba ya kayar da ni. Na ji zafi, ba zan ce ban ji ba. Amma na tashi na kama hannunsa a gaban jama'a, washegari na kai masa kaye da hatimi da makulli, muka ƙirga komai da shaidu. Cikin watannin da suka biyo na biya rabin kuɗin makewayin daga ɗinkina, don ni na san bashi ne.

A 2021, da gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilu yara kimanin 20 suka rasu, sannan a Maraɗi cikin Nuwamba aka rasa aƙalla 25, sabon shugaban nan ya zo shagona da dare ya ce: "Baba, ƙananan namu a rumfa suke, ya za mu yi?" Muka kwana muna shawara, aka kira taro, aka mayar da ƙanana cikin ginin ƙasa, manya suka koma rumfa, aka buɗe wa kowace rumfa ƙofa ta biyu, aka hana masu tuya hura wuta kusa. Da na riƙe shi a zuciya, da bai zo ba.

Abin da nake so ku tafi da shi

Ƙannena, hasumiyar babban masallacinmu ta ƙasa ce, tsawonta mita 27. An fara gina ta tun wajen 1515, aka sake ta a 1844, a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Kun san ba don ƙarfin laka take tsaye ba, don ana hawa ana yi mata yaɓe ne. Lakol ɗin unguwarku ma haka take so.

Na farko, ku je babban taro ko ba ku da ɗa. Kuna da ƙane, kuna da ɗiyar yaya. Ku zauna ku saurara shekara guda kafin ku nemi komai.

Na biyu, ku ba da abin da mu ba mu da shi. Tun 2014 akwai jami'a a garin nan, cikinku akwai masu bak, akwai masu digiri. Ku ɗauki yamma biyu a mako ku zauna da yara goma, ku ga wa ya iya karatu wa bai iya ba, ku kai wa kwamiti sakamakon. Ku taimaki ma'aji da rubutun lissafi. Kuma ku girmama mushe da madam, ba 'yan sandansu aka sa ku ba, abokan aiki ne.

Na uku, in za ku tsaya, ku tsaya da aikin da aka riga aka gani. Kada ku yi alkawarin abin da ba ya hannun kwamiti: ba ku ke ɗaukar malami ba, ba ku ke biyan albashi ba. Kada ku ɓata abokin takara, gobe tare za ku ɗauki bulo. Kada ku nemi ƙuri'a da sunan ƙabila, don a benci guda ɗan Abzinawa da ɗan Hausawa da ɗan Tubawa da ɗan Fulani da ɗan Larabawa ke zama. Kada kuma ku mai da masallaci ko sunan ƙungiyar nan tsanin hawa.

Na huɗu, 'yan mata, da ku nake. Wadda ta fara kayar da ni mace ce, wadda ta gyara ni a ƙarshe ma mace ce. Kada ku tsaya a layin jefa ƙuri'a kaɗai, ku ma ku karɓi launin takarda.

Na biyar, in kun ci, ranar da wa'adi ya cika ku kira zaɓe da bakinku, kada ku jira a tuna muku. In kun faɗi, ku miƙa makulli da hannunku, kuma taro na gaba a gan ku a sahun farko.

Na ga mai kula da lokaci yana ta duban agogo, kuma la'asar ta matso. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, ku yafe ni. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan da suka riga mu, Ya ji ƙan Hajiya da malamina. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya sa mu fita daga haƙƙin mutane kafin mu bar duniya.